Sauraron girgiza ko awon lantarki: wanne ke nuna tsagar rijiyar mai?

Wani ɗan'uwa a zauren nan, mai karatun ilimin duwatsu a ABU Samaru, ya tambaya: idan an tura ruwa da ƙarfi an tsaga dutse a rijiyar mai ko gas, wace hanya ta fi nuna girman tsagar, sauraron ƙananan girgizar ƙasa ko awo da lantarki da maganaɗisu?

Malam, ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ta farko kunne ce: tana jin inda dutse ya motsa. Ta biyu tana bin sawun abin da ya shiga cikin tsagar, wato ruwan da yashin da ake turawa don ya tokare ta kada ta rufe. Mai da gas kuwa galibi ta inda yashin ya tokare suke fitowa.

A hanyar sauraro, ana zura jerin jiyofon, wato na'urorin jin motsin ƙasa, a wata rijiya da ke kusa, ko a shimfiɗa su da yawa a doron ƙasa. Girgizar ƙanana ce ƙwarai, yawanci tsakanin -3 da -1 a ma'aunin girgizar ƙasa, mutum ba ya jin ta. Daga tazarar isowar igiyoyi biyu da girgizar ke aikowa, igiyar P mai sauri da igiyar S mai biyo bayanta, ake lissafa wurin da ta faru. Lissafin ya dogara da sanin saurin igiya a kowane shimfiɗin dutse, shi ya sa ake gwada shi da ƙarar harsashin da ke huda kesin, wato bututun ƙarfen da ke jikin rijiyar, tunda an san wurinsa. In saurin ya kuskure, duk ɗigon da ke nuna wuraren girgizar a taswira sai su goce da mita goma-goma. Babban aibinta: dutse na iya zamewa can nesa saboda matsi kawai, ko ƙwayar yashi ba ta je wurin ba. Taswirar sai ta nuna fili mai faɗi, rijiya kuma ta ba da kaɗan.

Hanyar lantarki ba baƙuwa ba ce a gare ka. Masu neman ruwan burtsatse a dutsen Zariya, daga Kufena zuwa Shika, tsaga mai ruwa suke farauta saboda ta fi busasshen dutse wuce da lantarki. Bambancin shi ne zurfi: su mita 100 ma ta yi musu yawa, nan kuwa ana maganar mita 2,000 zuwa 3,000, tsagar kuma faɗinta 'yan milimita ne.

Ga yadda ake yi. A tura lantarki ta doguwar waya mai ilektirod, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa, a ƙarshenta biyu, ko kuma a haɗa gefe ɗaya da kesin rijiyar, ƙarfen ya kai shi can ƙasa. A jera na'urorin karɓa a saman ƙasa. A auna kafin tura ruwa, a auna lokacin turawa da bayansa, sannan a cire na farko daga na baya. Wanda bai yi awon farko da kyau ba, ya yi asarar aikin gaba ɗaya.

Zurfin da sigina ke kaiwa yana da lissafi: ka raba turjiyar dutse ga lantarki, a ma'aunin om-mita, da yawan kaɗawa a daƙiƙa, ka ɗauki tushen murabba'i, ka ninka da 503. Dutse mai om-mita 10, a kaɗawa 1, ya ba ka kusan mita 1,590. Ka kai kaɗawar 100, ya faɗo 159. Dole ke nan a sauko da kaɗawa, kuma da ta sauko hoton ya dushe. Ba ka samun zurfi da kaifi lokaci guda.

Abubuwan da ke ɓata ta suna da yawa. In ruwan da aka tura ba shi da gishiri, dutsen laka kuma da ma yana wuce da lantarki, bambancin ba ya fitowa. Shi ya sa aka ƙera yashi na musamman mai wuce da lantarki, aka gwada shi a Texas ta Amurka. Wayoyin wuta masu kaɗawa 50 a daƙiƙa, bututun mai da tsawa duk suna cusa hayaniya. Maganinta maimaita awo: sau 100 na rage hayaniyar da ba ta da tsari ninki 10, amma ba ya taɓa kuskuren da ke cikin lissafin tasirin kesin a kan sigina. A jar ƙasa irin tamu da rani, ilektirod ba ya kama ƙasa sai an jiƙa ramin da ruwan gishiri da laka. In ruwan sama ya sauka tsakanin awo biyu, canjin saman ƙasa zai yi kama da tsaga.

A ganinmu, in tambayarka tsayin tsaga da alƙiblarta ce, ko tsoron kada ta haura zuwa shimfiɗin ruwa, sauraro ya fi tsufa kuma ya fi amana. In kuwa so kake ka san inda yashi ya tsaya don tsara tazarar rijiyoyi, lantarki ne, amma ka ɗaure lissafinsa da taswirar sauraro, domin siffofin tsaga daban-daban na iya ba da sigina iri ɗaya a sama.

Don aikinka na makaranta, ka fara da kwamfuta: shimfiɗi uku, kesin ɗaya, tsaga ɗaya a mita 2,000, ka ga ko canjin ya haura hayaniya kafin ka yi maganar fita fili.