Kafin ki sayi kirim ɗin ƙuraje a kemis, duba waɗannan

Iyaye mata na Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi, maganar fatar yara ce yau, don kuɗin da muke zubarwa a kirim ba kaɗan bane kuma rabinsa ba shi ne maganin abin ba. Yaro ya fara susa, sai a aiki yayansa kemis ace "a bada kirim na ƙaiƙayi", mai shago bai ga yaron ba bai ga ƙurjin ba, ya miƙo abinda yafi fita. To ƙaiƙayi ai kala kala ne. Makero daban, ƙazwa daban, ƙyasbi daban, ƙurajen zafi daban, kowanne da abinda ke kashe shi, shi yasa nake so mu jera abinda ke kasuwa mu ga wanne ya cancanci sidin mu.

Zan fara da wanda nafi jin tsoro, kirim ɗin nan mai haɗin magani uku, irin su Funbact-A da Skineal da 'yan uwansu. Juya kwalin ki karanta ƙananan rubutun. Zaki ga maganin fungas ɗaya, maganin ƙwayar cuta ɗaya, sannan na ukun betamethasone ko clobetasol, wato sitiroyid mai ƙarfi. Shi ne ke sa ƙaiƙayi ya kwanta cikin dare ɗaya har uwa tace kai wannan kirim akwai kyau. Amma ya danne garkuwar fatar ne kawai, makeron na nan yana faɗi a hankali, ana daina shafawa ya dawo ya fi da. In aka daɗe ana shafawa fata tana yin siriri, nankarwa ta fito, wurin yayi fari daban da sauran jiki. Abinda yafi damuna shi ne masu zuba shi cikin man shafawar jariri wai jikinsa yayi sumul yayi haske. Don Allah 'yar uwa ki bari. Fatar jariri tana shanye magani fiye da ta babba, balle a ƙarƙashin famfas inda ke rufe da zafi. Irin wannan kirim sai likita ya gani da idonsa ya rubuta, ya kuma faɗi kwana nawa.

To makero fa, wannan zagayen mai gefe ja-ja da ɓawo? In a jiki ne, hannu ko wuya ko cinya, nemi clotrimazole 1% ko miconazole shi kaɗai ba haɗi. Ya ma fi araha. Sau 2 a rana, a shafa har a ɗan zarce gefen zagayen, sati 2 zuwa 4, kuma ko ya ɓace a ido a ƙara kamar sati ɗaya. Akwai tsohon man nan Whitfield, yana aiki amma a hankali kuma yana ɗan zafi, in clotrimazole na nan ni shi zan ɗauka.

In kuwa a kai yake, gashi na karyewa ana ganin fili fili kamar an aske, kada ki wahalar da kanki da kirim ko wane iri. Fungas ɗin yana cikin saiwar gashi inda kirim baya kaiwa. Maganin sha ake bayarwa, yawanci griseofulvin, sati 6 zuwa 8, kuma da nauyin yaro ake auna shi, don haka asibiti ne, ki ɗauki katin inshora ki tafi. Ana shan shi da abinci mai maiƙo, mai ciki bata sha. Shamfu na ketoconazole yana rage yaɗuwa ga ƙanne amma shi kaɗai baya warkarwa. Sannan ki duba wurin askin yaron, kilifa ɗaya ta bi kai goma ba'a goge ba, da hula da matashi da tawul da ake rabawa. In da hali sayen kilifar gida yafi sayen magani duk shekara.

Ƙazwa ita ce ke raba mu da barci a gidajen haya, kuma tana yawan shigowa lokacin da 'yan makarantar kwana suka dawo hutu. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, ƙugu, kuma zaki ga ba mutum ɗaya ke susa a ɗakin ba. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke shiga cikin fata, ba ƙazanta bace, don haka wanka da Dettol ko ruwan darbejiya bazai kashe ta ba, Dettol ɗin ma in yayi yawa ƙona fatar yaro yake. Zaɓi uku ne. Benzyl benzoate 25% shi yafi samuwa kuma yafi sauƙin kuɗi, ana shafawa daga wuya har tafin ƙafa a bari awa 24, sai dai yana da raɗaɗi sosai a inda aka sosa, kuma yara sai an sirka masu da ruwa, ki tambayi mai famasi yadda za'a sirka daidai da shekarun yaron. Permethrin 5% yafi tsada kuma ba kowane shago ke da shi ba, amma baya zafi, a shafa da dare a wanke bayan awa 8 zuwa 14, a maimaita bayan kwana 7. Ga ƙananan yara ni shi nafi so. Na uku man farar wuta, yana da wari yana ɓata zane, amma shi ake yawan baiwa jarirai ƙanana in ma'aikacin lafiya ya duba. Ko wanne kika saya, lissafin ba na yaro ɗaya bane, na duk wanda ke kwana a ɗakin ne har da wanda bai fara susa ba, rana ɗaya. Zannuwa da kaya a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, wanda baya wankuwa a ɗaure a leda kwana 3 ko fiye. Ƙaiƙayi yana iya saura sati 2 zuwa 4 bayan maganin yayi aiki, kar hakan yasa ki koma kan kirim mai haɗi uku.

Ƙyasbi, fari fari a ƙirji da baya, shamfu na ketoconazole 2% a shafa a wurin a bari kamar minti 5 sannan a wanke. Launin fatar yana ɗaukar watanni kafin ya daidaita ko da fungas ɗin ya mutu.

Ƙurajen zafi kuma in zafin Fabrairu da Maris ya matso, calamine ya isa, da wanka da ruwa mai sanyi da riga ta auduga mara nauyi. Hoda mai mentol tana sanyi a babba amma kar a baɗa ta kusa da hancin jariri. Jan gindi na famfas, kirim na zinc oxide, da barin yaron ya sha iska ba komai a jikinsa na ɗan lokaci.

Sai man shafawa na kullum, musamman in hunturu ya shigo daga Disamba. Man kaɗe da Basilin duk suna da kyau kuma duk sun fi loshan mai turare ga yaro mai bushewar fata. Basilin yafi riƙe danshi, shi yasa ga faso da kaushi da tsagewar leɓe shi zan zaɓa, a shafa da dare a sa safa. Man kaɗe yafi shiga jiki, kuma Allah ya hore mana shi daga Tamale da Wa da Bolga, a Kejetia ko kasuwar Aboabo ki shinshina kafin ki biya, in yana warin tsami ko kin ga ƙasa ƙasa a ciki ki wuce gaba. Duk wanda zaki shafa, ana fitowa wanka jiki na da ɗan laima ake shafawa. Sabulun salo namu yana wanke jiki tas, amma yana busar da fata, jariri da yaro mai kirci gara sabulu mai laushi mara turare. Kuma a daina ɗaura tafarnuwa ko man goge baki a kan ƙurji, ƙuna suke bari.

Wurin saye ma abin dubawa ne. Famasi ko kemis mai lasisi, kwali mai lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa. Kirim ɗin da ake tallansa a tasha ko cikin trotro, an juye a roba ba suna ba komai, wai yana maganin cuta goma, kar ki kai shi jikin ɗanki. Tun 2016 hukumar ta hana kayan shafa masu hydroquinone, sinadarin nan na bilicin, amma har yau suna yawo a ɓoye.

In ƙurji ya fara ruwa ko mugunya, ko yayi ɓawo kalar zuma a gefen baki da hanci, ko akwai zazzaɓi, ko wurin ya kumbura yayi ja yana zafi, ko jaririn bai kai wata 2 ba, ki bar kemis ki nufi asibitin unguwa, asibitin Manhyia na nan kusa. In an yi sati 2 ana magani ba sauƙi, a nemi takardar tura ku sashen fata na asibitin Komfo Anokye, kuma ki tafi da kwalayen duk abinda kika riga kika shafa likita ya gani.