Wuta ta cinye shanunsa, gwamnati ta biya shi

Jama'ar Kaduna, ina gaisuwa daga arewacin jihar Texas ta Amurka, inda nake aiki a gonar wani mai kiwon shanu.

A ƙarshen Fabrairun 2024 wutar daji ta tashi a yankinmu, ta cinye fili sama da eka miliyan ɗaya, gobarar da jihar ba ta taɓa ganin irinta ba. Dubban shanu suka ƙone. Waɗanda suka tsira da ƙunar kofato da ta hantsa, bindiga aka sa musu, babu wuƙa babu bismilla. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Da ƙura ta lafa, maigidana ya ce in raka shi ofishin Ma'aikatar Noma ta tarayya da ke ƙaramar hukumarmu. Ni na riƙe masa jakar takardu. Matar da ke wurin tambayoyinta kaɗan ne: shanu nawa kake da su kafin wutar, nawa suka mutu, ina shaida? Ya fito da littafin garkensa, da lambobin kunnen shanu, da takardun likitan dabbobi, da hotunan gawarwakin masu kwanan wata. Ba ta tambayi ɗan wane ne ba, ba ta tambayi jam'iyyarsa ba, ba wanda ya nemi na goro. Ina zaune ina jira a ce ya je ya kawo takardar wani babba, har muka tashi ban ji ba. Daga baya kuɗi suka shiga asusunsa na banki.

Doka ce ta tanadi hakan, kuma tun 2014 aka mai da shirin na dindindin. Dabbar da bala'in yanayi ya kashe, ana biyan kashi 75 cikin ɗari na farashinta na kasuwa, bayan an cire mutuwar da aka saba gani kowace shekara. Akwai wani tallafin na lokacin fari, wanda ke bin taswirar wuraren da ƙarancin ruwan sama ya shafa da ake fitarwa duk ranar Alhamis, akwai kuma na kuɗin jigilar ruwa da abincin dabbobi.

Cike-ciken takardun na da ban haushi, kuma wanda bai ajiye shaida ba sai ya sha wuya. Saniya a nan lamba ce kawai, ba a kiranta da suna ta waigo kamar a rugagenmu. Madararsu kuwa ko kusa ba ta kai kindirmon da nake saya a bakin hanyar Kachia ba.

Amma na tuna Kawuna a wajen Ladduga, shekarar da ciwon huhu ya shiga garkensa. Abin da ya samu shi ne "Allah Ya mayar da alheri". Idan ambaliya ce a gida, shinkafa da tabarma za a kawo, a ɗauki hoto a tafi. Ko a 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji, naira 250 aka sa wa kowace kaza. Hukumar inshorar noma ta NAIC tana nan tun 1987. Makiyaya nawa ne suka san ƙofarta?

Mu ma da laifinmu. Tambayi mai shanu nawa gare shi, sai ya ce "suna nan, alhamdulillahi". Tsoron baki ne, da tabon jangali, yanzu kuma ga ɓarayin daji da ke ƙiyasta kuɗin fansa da yawan garke. Wannan na ƙarshe hujja ce mai ƙarfi, duk wanda ya san Birnin Gwari ba zai musa ba. Sai dai garken da ba a rubuta ba, da me za a lissafa diyyarsa? Tunda an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, ga kuma ƙwararrun cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, a fara da rajistar da za a tsare sirrinta.

Ni dai na riga na kira ƙanena, na ce ya sayi littafi ya rubuta kowace saniya da kamanninta, ya adana takardar rigakafi, ya kuma riƙa karɓar rasit duk ranar da ya sayi dabba a kara.