XCOM 2 Collection: Wa Za Ka Fara Kayarwa, Mai Bindiga Ko Mai Tsafi?

Sojojinka huɗu suna laɓe a bayan motoci a bakin wani titi. A gabansu akwai abokan gaba uku: sojojin gwamnatin ADVENT biyu riƙe da bindigogi, sai Sectoid ɗaya, halittar wata duniya mai tsafi, dogo, mai ƙaton kai da haƙora a waje. Kusan duk sabon ɗan wasa kan Sectoid zai juye harsashinsa, domin shi ne mai ban tsoro. A mafi yawan lokuta wannan kuskure ne. Jinin Sectoid ya ninka na sojan ADVENT ko ya fi, don haka sai ka ƙarar da harbin mutum uku a kansa, wataƙila ma bai faɗi ba, sojojin nan biyu kuma su buɗe maka wuta. Da su ka fara kayarwa, abin da Sectoid ya fi yi a zagayensa na farko shi ne ya tayar da gawar ɗayansu ta zama mai tafiya, ko ya rikita hankalin sojanka ɗaya. Gawar ba ta kai duka a zagayen da aka tashe ta, kuma da zarar ka kashe Sectoid ɗin sai ta zube.

Wannan ƙaramin lissafi shi ne zuciyar XCOM 2, kuma shi ne dalilin da ya sa gem ɗin ya cancanci kuɗinsa. Kamfanin Firaxis ne ya ƙera shi, 2K ya fitar da shi a watan Fabrairun 2016, sannan a 2017 aka ƙara masa babban faɗi mai suna War of the Chosen. XCOM 2 Collection ya haɗa su duka da wasu ƙananan ƙari. Kamfanin Feral Interactive ya kawo shi wayoyin iPhone a 2020, ya kawo na Android a 2021. Labarin yana faruwa ne a shekarar 2035: halittun wata duniya sun ci mutane da yaƙi shekara 20 da suka wuce, sun kafa gwamnatin ADVENT, kai kuma kana jagorantar 'yan tawaye. Ana buga shi bi da bi: kai ka motsa mutanenka, su ma su motsa nasu. Sojan da ya mutu ya tafi ke nan, da duk horon da ka ba shi.

Kafin a yi maganar wa za a fara harba, sai an san ƙa'idojin filin. Kowane soja yana da dama biyu a zagaye, kuma harbi yakan rufe zagayensa. Sabon kurtu yana da saitin kashi 65 cikin 100. Rabin mafaka, kamar gajeren bango ko akwati, tana rage wa mai harbi maki 20, cikakkiyar mafaka tana rage 40. Ke nan kurtun da ke harbin wanda ya laɓe a bayan ginshiƙi yana wajen kashi 25 ne kacal, sai ɗan abin da kusanci ya ƙara masa. Hawa sama, kamar rufin gida, yana ƙara 20. Idan ka ɓullo wa abokin gaba ta gefe, mafakarsa ta tashi a banza, damar yi masa mummunan rauni kuma ta ƙaru sosai. Bindigar farko tana cire jini 3 zuwa 5. Gurneti yana cire 3 ko 4, amma ba ya kuskure, yana rushe mafaka, yana kuma ɓantare ɗigon sulke ɗaya. Kowane ɗigon sulke yana rage maki ɗaya daga duk harbin da ya samu mai shi.

Abu mafi muhimmanci da gem ɗin bai faɗa maka ƙarara ba: abokin gaba mai ɗigon jini ɗaya yana harbi da ƙarfinsa cif, kamar mai cikakken jini. Raunata mutum uku bai kai kashe ɗaya amfani ba. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka a farkon kowane zagaye ba «wa ya fi ƙarfi?» ba ce, ba kuma «wa ya fi sauƙin samu?» ba. Tambayoyi biyu ne: idan na bar wannan da rai, wace ɓarna zai yi mini yanzun nan wadda ba ta gyaruwa? Kuma ina da tabbacin kayar da shi da abin da ke hannuna?

Da wannan ma'auni Stun Lancer yake hawa saman jerin a farkon wasa. Ba ya damuwa da mafakarka. Zai sheƙo da gudu daga nesa ya doki sojanka da sandar lantarki, kuma dukan yana iya sumar da shi gaba ɗaya, sai an ɗauke shi a kafaɗa a fita da shi. Ba a barin Lancer ya kai zagayensa in har akwai yadda za a yi. Hafsan ADVENT, mai jan sulke, yana ɗora wa sojanka alama don sauran su fi samun sa, amma alamar tana gogewa da mutuwarsa, kuma haɗarinsa ya dogara ne da yawan masu bindigar da suka rage a bayansa. Hafsan da ba shi da dakaru soja ɗaya ne kawai.

Sai dai kada a ɗauki sassaucin da aka yi wa Sectoid a matsayin doka. In babu gawa a kusa, zai gwada tsafinsa a kan mutanenka, kuma wani lokaci yakan mallake soja ɗaya ɗungurungum ya juyo da shi kanka. Maganin biyu ne, kuma kana da zagaye ɗaya kafin wanda aka mallake ya yi harbi: ka kashe Sectoid, ko ka jefa masa gurnetin walƙiya, wanda yake tsinke mallakar nan take, ya kuma zubar da gawa mai tafiya. Takobin Ranger, sojanka mai yaƙin kusa, yana yi wa Sectoid illa fiye da kima. Wanda ya fita da Ranger ɗaya da gurnetin walƙiya ɗaya yana da ikon ajiye Sectoid a ƙarshen layi. Wanda bai tanadi ko ɗaya ba, to ya yi hattara.

Viper, macijiya mai bindiga, tana fizgo soja daga mafakarsa da harshe ta naɗe shi. Abin yana da tayar da hankali, amma ko ɗan rauni kaɗan aka yi mata za ta sake shi. Tofin dafinta a kan sojojin da suka cunkushe wuri ɗaya ya fi naɗewar illa. Muton kuwa ba a wasa da shi: yana da sulke, yana jefa gurneti, yana rama sara idan ka kai masa takobi, yana kuma ƙarasa sojan da aka gigita. Shi da MEC, mutum-mutumin ƙarfen ADVENT mai harba ƙananan rokoki, su ne masu kai harin da ba ya buƙatar saiti. Mafaka ba ta tare gurneti ko roka. In sojojinka uku suna manne da juna, ko suna tsaye a kan rufin da roka za ta iya rusawa, waɗannan biyun sun zama na farko ko da Lancer yana wurin.

A tsakiyar wasa ne tsarin yake nuna gwanintarsa, domin kowane sabon abokin gaba yana zuwa da nasa sharaɗin. Shieldbearer yana lulluɓe abokansa da garkuwa, amma garkuwar tana bajewa da mutuwarsa, saboda haka bayan ya yi ta shi ake nema. Codex tana rabuwa gida biyu duk lokacin da aka raunata ta ba a kashe ba, jinin da ya rage ya kasu tsakaninsu: ko dai ka haɗa mata dukan da zai gama da ita lokaci guda, musamman da harsashin Bluescreen mai illata na'urori, ko ka tabbata kana da ragowar masu harbi da za su share kwafin. Ta fi son fara jefa wata da'irar tsafi da ke zazzage harsashin bindigogin duk wanda ke ciki, sannan da'irar ta fashe a zagaye na gaba, ke nan tana ba ka lokacin gudu. Archon ma haka: sau da yawa yakan tashi sama ya sa alamar inda rokokinsa za su sauka, kai kuma ka kauce. Ka yi masa rauni ka bar shi kuwa, ya harzuƙa ya sami ƙarin dama. Priest yakan ɗaure kansa da wani soja ya ƙara masa ƙarfi. Kashe Priest yana tafiya da wanda aka ɗaure, tsuntsu biyu da dutse ɗaya, sai dai wani lokaci yakan tsira da ɗigon jini ɗaya a cikin kariyar da harsashi ba ya ratsawa, ya dawo a zagaye na gaba. Purifier mai feshin wuta yana iya fashewa idan ya mutu, don haka ba a sare shi da takobi. Andromedon rai biyu gare shi: na farko yana harbi yana watsa guba mai cin sulke, na biyu kuwa rigar ƙarfen ce kawai take tafiya tana kai naushi. Ka kashe na farkon da gaggawa, rigar kuma in tana nesa ta jira.

Sanin wanda za a fara kayarwa rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne wa zai fara harbi a cikin mutanenka, kuma a nan ne zagaye masu kyau suke lalacewa. Grenadier, sojanka mai harba gurneti, ya fara, ya rushe mafaka ya ɓantare sulke, domin duk harbin da ya biyo baya ya ci ribar hakan. Idan yana da ƙwarewar Holo Targeting, harbinsa ko bai samu ba yana ƙara wa sauran maki 15 a kan wannan abokin gaban. Daga nan sai masu harbin da ba shi da tabbas. Abin da ba ya kuskure, kamar Combat Protocol, harin lantarki na Specialist, sojanka mai ƙaramin jirgi marar matuƙi, da ke cire jini 2 ba tare da sulke ya tare ba, a ajiye shi don ƙarasawa. Mai gurnetin walƙiya ko Mimic Beacon, fitilar da ke yaudarar abokan gaba su harbi hoton soja, shi ne na ƙarshe, don in komai ya watse shi zai rufa asiri. Lissafin ba shi da wuya: shirin da ke buƙatar harbi biyu masu kashi 70 su samu duka, damarsa kashi 49 ce, bai kai rabi ba. Shirin da ɗaya daga cikin biyun ya wadatar, damarsa kashi 91 ce. A kuma tuna cewa wanda gurneti ya kashe, kayan da zai yar suna ƙonewa tare da shi.

Akwai tarko ɗaya da yake cinye hatta ƙwararru. Abokan gaba suna yawo ne gungu-gungu, kuma gungu ba ya tashi sai ya gan ka. Ranger ɗin da ya ruga gaba don ya sare wani mai ɗigon jini ɗaya yana iya buɗe sabon gungu na mutum uku a lokacin da duk sauran sojojinka sun gama zagayensu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. In dole ne a yi irin wannan motsi mai nisa, a yi shi a farkon zagaye, sauran suna da damarsu a hannu.

The Lost, gawarwakin da ke cika rusassun birane a War of the Chosen, sun juya ƙa'idar baki ɗaya. Duk wanda ka kashe da harsashi ana mayar maka da damarka, saboda haka ana farawa ne da masu ƙarancin jini, waɗanda ko mafi raunin harbinka zai kayar, ana kuma lura da harsashin da ya rage. Ƙarar fashewa tana gaggauta zuwan wani garken. Suna kai wa ADVENT hari su ma, wani lokaci barin su ya fi kashe su riba.

Inda gem ɗin ya gaza shi ne rowar bayani. Babu allon da zai nuna maka abin da sabon abokin gaba yake iya yi. Sai ya yi maka ka sani, kuma kuɗin makarantar yakan zama ran soja. Into the Breach na kamfanin Subset Games, wanda ya fito a 2018, yana nuna maka inda kowane abokin gaba zai kai hari kafin ka motsa, kuma hakan bai rage masa wuya ba. A kwamfuta masu wasa sun toshe wannan giɓi da gyare-gyaren da suke yi wa gem ɗin su raba a dandalin Steam Workshop, amma mai waya ba shi da wannan gata. Haka nan a matakan wahala na Rookie, Veteran da Commander, gem ɗin yana taimaka wa saitinka a ɓoye, don haka lambar da kake gani ba ita ce ainihin gaskiya ba sai a matakin Legend. Layin gani ma yakan ba da mamaki: ka kai soja inda kake zaton zai hango abokin gaba, ka tarar kusurwar bango ta tare. War of the Chosen ya rage wannan da alamar da ke nuna wanda za ka gani kafin ka taka. Agogon aikin kuwa, wato wa'adin da ake ba ka ka gama aiki, wanda sau da yawa zagaye 8 ne ko 12, mutane da dama suna ƙorafi a kansa, amma ina ganin shi ne gishirin miyar: shi yake tilasta maka barin wani da rai ka wuce. Abin da ya fi damuna shi ne Mimic Beacon ya yi ƙarfi da yawa. Da biyu a aljihu, zagaye da dama da ya kamata su hukunta mummunan zaɓi sai su wuce salin-alin.

A waya, gem ɗin yana cin wurin ajiya sama da gigabayit 8, don haka a sauke shi inda akwai intanet mai yalwa. Ba kowace wayar Android yake karɓa ba, a duba jerin wayoyin da Feral ya amince da su kafin a biya. Yana ɗumama waya yana shan batir, kuma a ƙaramin allo yatsa yakan taɓa gidan da ba shi ake nufi ba, abin da a nan yake iya jawo asarar soja. Babbar waya ko kwamfutar hannu ta fi dacewa. Sabon shiga ya fara da matakin Veteran, kada ya kunna Ironman, wanda ke hana komawa baya, sai ya ga kowane irin abokin gaba aƙalla sau ɗaya. Ya kuma gina Guerrilla Tactics School, ɗakin horo a sansaninsa, da wuri, domin a can ne ake ƙara yawan tawaga daga huɗu zuwa biyar, sannan shida.