Bugun Norton na Heart of Darkness: labari da masu gardama a kansa cikin bango ɗaya

Duk wanda zai karanta Heart of Darkness na Joseph Conrad, ko don jarrabawa ko don ya koyar a aji, shawarata ya daure ya nemi bugun Norton Critical Edition. Nawa bugu na huɗu ne, na 2006, wanda Paul B. Armstrong ya shirya. Na hannu na saya, duk da haka sai da ya taɓa aljihu. Labarin kansa, na tafiyar wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Marlow a kogin Kwango don ya ɗauko wani Bature ɗan kasuwar hauren giwa mai suna Kurtz, bai cika shafi 80 ba. Ragowar ɗaruruwan shafukan takardun tarihi ne da sharhin malamai, kuma su ne abin da mutum yake biyan kuɗinsa a kai.

Kamar kowa, na fara da maƙalar Chinua Achebe, wadda asalinta lacca ce da ya gabatar a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a 1975, aka buga ta a 1977. A nan ne ya fito ƙarara ya kira Conrad mai wariyar launin fata, ya ce ya mayar da nahiyar Afirka guda dandalin da hankalin Bature ɗaya zai gushe a kai. Amfanin samun labarin da maƙalar a haɗe shi ne kana iya sa yatsa a shafin Achebe, ka koma baya ka duba ko ƙarya ya yi wa mutumin. Na duba. Bai yi ba. Ga mai kula da wutar jirgi nan, Marlow yana kwatanta shi da kare da aka sa wa wando da hula yana tafiya da ƙafa biyu. Ga wurare biyun da Achebe ya nuna inda aka bar baƙaƙen fata suka yi magana da Turanci: ɗaya yana roƙon a ba su mutum su ci, ɗayan kuma yaro ne da ya leƙo ya sanar da mutuwar Kurtz. Ban da wannan, ihu ne da ganga da idanu a cikin duhu.

Masu kare Conrad ma ba hannu rabbana suka zo ba. Suna tunatar da kai cewa Marlow ne ke magana, ba marubucin ba, shi ma wani ne yake ruwaito mana abin da ya ji daga bakinsa a cikin jirgi a kogin Thames. Suna nuna maka mutum shida da aka ɗaure da sarƙa a wuya, da inuwar bishiyoyin da ma'aikata ke rarrafawa su mutu, da inda Marlow ya ce mallakar duniya yawanci ƙwace ce daga hannun waɗanda launinsu ya bambanta da namu. Wanda ya rubuta haka a mujallar Blackwood's a 1899 ba ɗan amshin shatan mulkin mallaka ba ne. Malamin adabi Edward Said, a babin da aka ciro daga littafinsa na 1993, shi ya fi burge ni: yana ganin Conrad ya gane muguntar abin, amma ya kasa hango ranar da mutanen nan za su riƙe kansu da kansu.

Sai dai abin da ya sauya min ra'ayi ba ya cikin sashen malaman adabi. Yana cikin takardun tarihi. Akwai buɗaɗɗiyar wasiƙar da George Washington Williams, baƙar fata ɗan Amurka, ya rubuta wa Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wanda Kwango ke hannunsa a lokacin, a 1890. Shekarar ke nan da Conrad ya shiga Kwango. Kogi ɗaya, shekara ɗaya. Williams ya jero tuhume-tuhume ɗaya bayan ɗaya, ya yi maganar mutanen a matsayin masu ƙasa waɗanda aka yaudari sarakunansu aka karɓe musu ita. Bayan karanta wannan, uzurin da ake yawan kawowa cewa ai haka kowa yake tunani a zamanin ya yi min rauni ƙwarai. Ga wani nan a zamanin da bai yi tunanin haka ba. Rahoton Roger Casement, jami'in jakadancin Birtaniya, na 1904 kan zaluncin da ake yi a Kwango ma yana ciki, shi kam ba a karanta shi ana cin abinci.

Ba komai ne ya yi min ba. Wasu maƙalolin Turancinsu ya fi na Conrad ɗin wuya, kuma Conrad ba mai sauƙi ba ne, ka karanta sakin layi sau biyu ka rasa inda aka dosa. Ɗalibin da ya shigo jami'a jiya zai ji jiki, gara malami ya zaɓo masa uku ko huɗu. Ɓangaren da ke kwatanta labarin da fim ɗin Apocalypse Now kuwa tsallake shi na yi, ba shi ya kawo ni ba.

Inda na tsaya: Achebe ya yi gaskiya a kan abin da ke cikin shafin, amma ban bi shi ba wajen shakkar ko littafin ya cancanci matsayinsa. A koyar da shi, da sharaɗin a ajiye wasiƙar Williams a gefensa. In za ka sayi na hannu, ka duba lambar bugun tukuna, domin maƙalolin suna canzawa daga bugu zuwa bugu, kuma ta Achebe ba ta shiga jerin ba sai a bugu na uku, na 1988.