Kafin ka zaɓi kwantena, tambayi yadda take yi da ƙirarren abu a cikin saiti

Wani ƙanena da muke aiki tare a Yaba ya tambaye ni wace kwantena zai ɗauka don sabuwar manhajarsa. Kwantena dai ita ce sashen da ke ƙera abubuwa ya miƙa wa kowane ɓangare na manhaja abin da yake buƙata, tsarin da ake kira dependency injection, wanda Martin Fowler ya yayata sunansa a 2004. Ban amsa masa kai tsaye ba. Na ce ya fara duba abu ɗaya: me za ta yi ranar da ka sa mata abin da ka ƙera da kanka a cikin saiti, wato fayilolin da manhaja ke karanta zaɓuɓɓukanta daga ciki, maimakon lamba ko rubutu?

Ni na koyi wannan da wahala. Na rubuta wa wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12 manhajar lissafi da Laravel, wani tsarin gina manhaja da harshen PHP. Na ƙera aji (class, wato samfurin da ake ƙera abu da shi) mai suna Kuɗi, wanda ke riƙe adadi a kwabo don kada lissafi ya zame, na zuba kuɗin dako a fayil ɗin saiti da wannan siffa. A kwamfutata komai lafiya lau. Da na ɗora a saba (server) na buga config:cache, umarnin da ke adana saiti don samun sauri, sai ya tsaya cak, ya ce saitina ba ya adanuwa. Ga waya tana ta ƙara: "Malam, ya ake ciki? Motoci sun iso daga Aliero, yara na jira." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rabin awa." Laifin nawa ne. Laravel na tattara saiti duka ya rubuta a fayil ɗaya da var_export, kuma abin da ajinsa ba shi da __set_state, hanyar da PHP ke bi ta sake gina abu, ba ya tasowa daga nan. Kwantenar kanta ba ta da matsala da ƙirarren abu, tana karɓarsa ta instance ko singleton. Saitin ne ba wurinsa ba.

Symfony, wani tsarin PHP ɗin, ba ta barin ka ka yi nisa da wannan kuskure. Saitinta na karɓar lamba, rubutu, jeri, da enum (ƙayyadaddun zaɓuɓɓuka), amma tunda tana harhaɗa kwantenar ta zama aji na PHP, da ta ga ƙirarren abu a cikinsa za ta ƙi rubutawa. Dole ka bayyana shi a matsayin sabis, wato abin da kwantena ke ƙerawa da kanta, ko ka ba ta faktori, wato ɗan aikin da zai gina shi. Da farko abin yana gundura. Amma idan ku goma ne a kan aiki ɗaya, wannan tsaurin shi zai raba ku da rigima, kuma ita nake ba manyan tawaga shawara.

PHP-DI, wata kwantena mai zaman kanta, ita ce mai daɗin hannu. Ana rubuta bayananta da PHP, ka miƙa mata abu ta karɓa nan take. Sai dai ranar da ka kunna harhaɗawa don samun sauri, za ta ce ba ta harhaɗa ƙirarren abu, sai ka naɗe shi a cikin faktori. Gwada wannan tun makon farko.

Spring Boot, ta harshen Java, ta bi ta wata hanya. Kai ka rubuta lambobi a application.yml, ita ta gina maka abin ta @ConfigurationProperties, har ta tantance shi tun manhaja na tashi. Aji irin Kuɗi yana iya buƙatar ka rubuta mata mai juya rubutu zuwa abu. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma Java na cin ƙwaƙwalwar saba, kuma mu da ke karɓar naira muna biyan saba da dala mun san nauyin haka. 

Ƙanen nawa su biyu ne kacal, kuma PHP suka iya. Na ce ya ɗauki Laravel, ya bar adadin kwabo a saiti a matsayin lamba tsurarta, ya gina Kuɗi a cikin kwantena, sannan ya buga config:cache a kwamfutarsa kafin ya taɓa saba.