Mai waldar titaniyom a Apo: ya san wuta amma sai ka yi haƙuri

Masu manyan babura a Abuja da ke da salansar titaniyom, don Allah in ta tsage kar ku kai wa masu waldar kabaid na bakin titi. Akwai wani shago can ciki wajen makanikan Apo, wani dattijo ne da yaransa, shi na ba tawa, kuma gaskiya mutumin ya san wuta.

Abin da ya fara burge ni ba shi da cika baki. Na ce Baba an ce ana haɗa titaniyom ba tare da an narkar da shi ba, ya ce ana yi ɗana amma ba a Apo ba. Kuma haka ne, aikin tanderu yake so wanda aka zuƙe iskar cikinsa tas, a matse ƙarfen biyu a bar su awa ɗaya ko fiye har su shige juna. Titaniyom sai wajen digiri 1668 a ma'aunin Celsius yake narkewa, amma wanda aka fi aiki da shi, Ti-6Al-4V mai alminiyom kashi 6 da banadiyom kashi 4, tsakanin digiri 900 da 950 ake haɗa shi. In zafi ya gaza sai mahaɗar ta fito da ƙananan ramukan da ido ba ya gani, in kuma ya haura wajen 995 tsarin cikin ƙarfen ya juye ƙwayoyinsa su yi manya juriya ta ragu, ka ga tazarar ba yawa. Da wannan hanyar kamfanin Rolls-Royce ke haɗa fukafukan fankar injin jirgin sama.

Shi Baba TIG yake yi, wato waldar lantarki da ake rufe wajen aikin da gas ɗin argon don kar iska ta taɓa shi, narkarwa ce, amma rigimar dai ta zafi ce. Titaniyom in ya wuce digiri 500 zuƙar oksijin da naitrojin yake kamar soso sai ya yi gautsi, shi ya sa ya ɗura argon har cikin bututun ya toshe baki, ya sa yaro ya kashe fanka muna ta gumi, yana yi kaɗan-kaɗan yana bari ta huce. Da kala yake duba aikinsa, fari mai ƙyalli ko ɗan ruwan ɗorawa ya yi, shuɗi iska ta fara shiga, toka-toka kuwa a yanke a sake. Tawa fara ta fito, har yau ba ta ƙara buɗewa ba.

Inda ya gaza: kuɗinsa da zafi wallahi, wai argon ya yi tsada, ba benci ko ɗaya a shagon, kuma in ya ce maka jibi ka ƙara masa kwanaki. A wanke salansar sosai kafin a je, in ya ga maiƙo a jiki ko taɓawa ba ya yi.