Baba mai gyaran bindigar iska ya tashi tsohuwar Benjamin 392 ɗina, amma fa sai mai haƙuri

Duk mai tsohuwar bindigar iska ta famfo da ta daina riƙe iska, don Allah kar ka miƙa wa ɗan gwangwan, kuma kar ka kai wa mai walda. Akwai wani dattijo a bayan tsohuwar kasuwar garinmu, Baba kowa ke ce masa, asalin sana'arsa gyaran keken ɗinki ne da risho na famfo da famfon feshi na manoma, amma hannunsa ya faɗa sosai a kan bindigar iska. Shi na kai wa tawa, kuma gaskiya na ga aiki, duk da akwai inda ya ɓata min rai, zan zo wajen.

Bindigar Benjamin 392 ce, mai cin ƙwayar dalma mai faɗin milimita 5.5, irin mai ƙotar katako ɗin nan ba ta roba da suka fito da ita daga baya ba. Ƴar Amurka ce, Benjamin tsohon kamfani ne na garin St. Louis, shi ya sayi kamfanin bindigar iska na Sheridan a 1977, daga baya Crosman ya haɗiye su duka a 1992, kuma a wajen lokacin ne 392 ta fito. Bututun harbin da na famfon duk tagulla ne an like su da dalma, shi yasa za ka ga ta shekara talatin ko ɗigon tsatsa babu a cikin bututun, abin da ya fi mutuwa a jikinta robobi ne, su kuma zafin ƙasarmu da ƙurar hunturu ba sa raga musu. Tawa ta kai matsayin da in ka buga famfo sai ka ji ssss iska na bi ta baki tana fita, kafin ka ɗaga ka yi saiti ta huce, ƙwayar ma wani lokaci a cikin bututu take maƙalewa.

Abu na farko da Baba ya tambaya takarda ce. Yace "ɗana, ina lasisinta?" Mutane da yawa sun ɗauka bindigar iska kayan wasan yara ce, alhali a Najeriya dokar makamai ta sa ta cikin waɗanda sai da lasisi ake riƙewa, shi kuma ba ya taɓa wadda ba ta da takarda ko nawa za ka ba shi. Wannan ya ƙara masa daraja a idona wallahi.

Sai yadda ya gano ciwon tun kafin ya kwance noti ko ɗaya, nan ne na san ba ɗan koyo bane. Ya ja sakatar ya leƙa ya tabbatar ba komai a ciki, ya buɗe hannun famfon ya mayar a hankali yana sauraro, yace in robar kan fistin ce ta mutu hannun zai tafi sakayau ba nauyi ko kaɗan, to nan akwai ɗan nauyi, kenan tana turawa. Ya ƙara bugu biyu ya saki hannun bai danna shi ya kulle ba, yana kallo ko zai turo kansa baya, yace in ya turo to ƙaramin bawul na shiga ne ke maido da iska. Bai turo ba. Sai ya kaɗa ruwan omo a murfin kwalba ya shafa kumfa a bakin bututun, nan take ƙwan kumfa ya fara tashi yana kumbura a hankali har ya fashe, wani ya sake tasowa. Yace "ka gani ko, bawul na fita ne, robarsa ta bushe ta tsage." Da ya kwance kuwa haka muka tarar, robar ta yi tauri ta dare gida biyu, cikin bawul ɗin duk wani baƙin danƙo na mai da ƙura.

Ba ya ajiye kayan gyara, wannan shi ne cikas na farko. Yace zai iya yanko min roba daga abin da yake da shi amma ba zai yi min ƙarya ba, ba za ta kai damina ba, gara in nemo na asali. Sai da na yi odar saitin robobin ta intanet aka haɗo min a kayan wani ɗan uwa, kuɗin kawowa ma ya fi kuɗin kayan, duka biyun kuma sun fi abin da Baba ya karɓa na aikin hannu. In za ka yi oda ka kula sosai, 392 iri biyu ce ta ciki, na farko farkon gidan bawul ɗinsu a like yake cikin bututu sai da wani dogon makulli na musamman ake kwance kayan cikinsa, na baya kuma bawul ɗin gaba ɗayansa ake zaro shi waje. Robobinsu ba ɗaya bane. Tawa mai zarowa ce, aikin ya zo da sauƙi, amma ya nuna min makullin da ya ƙera da kansa daga wani guntun bututun ƙarfe saboda tsofaffin irin su Benjamin 342 da Sheridan.

Ya canza duka, ba wadda ta mutu kaɗai ba, robar fistin, bawul na shiga da na fita, zoben robar sakata, har da fil ɗin da hannun famfo ke juyawa a kai wanda ya cinye ya sa hannun ke lilo. Ya wanke bututun famfon tas, ya sa mai ɗan ɗigo kawai. Maganar mai kuwa ya yi min ita da zafi, yace rabin bindigogin da ake kawo masa mai ne ya kashe su, wani man birki zai ɗura, wani kalanzir, wani ya fesa irin na gwangwanin nan mai sassauta noti, duk suna cinye roba. Man Pellgunoil na kamfanin Crosman shi ne daidai, in babu a samu man inji lamba 30 wanda ba a sa masa sinadarin wanki ba. Kuma in za ka ajiye ta ka bar mata bugu ɗaya ko biyu a ciki babu ƙwaya, iskar ce ke danne robar ta zauna a mazauninta ƙura ba ta samun hanya.

Inda muka ɗan ja da shi shi ne maganar ƙarin ƙarfi. Na ga yadda masu gyara a Amurka ke yi mata, su sa sifiri mai tauri a guduma, wato ƙarfen da ke dukan bawul ya buɗe in an harba, su buɗe hanyar iska su ƙarfafa hannun famfo har ta ɗauki bugu fiye da takwas ɗin da kamfani ya ƙayyade, nace Baba ko za a yi min irin wannan. Ya girgiza kai yace "ɗana, jaki ne wannan, kar ka nemi gudun doki a wajensa." Bayaninsa kuma ya shige ni. In ka wuce takwas ba tare da an canza komai ba gudumar ba ta iya buɗe bawul ɗin gaba ɗaya, iska ta rage a ciki, ka sha wahalar bugu a banza harbin ma ya fi rauni. In kuma aka sa sifirin mai tauri to jan sakata zai yi nauyi, kunama ta yi nauyi, wani lokaci sai ka ɗana ta kafin ta yarda ta karɓi iska, ga hannun famfon da ba a yi shi don wannan nauyin ba zai fara cin fil yana lanƙwashewa. Su can suna da ƙarfen da suke canzawa, shi ba shi da shi, kuma ba zai yi rabin aiki ba. Kamfani ya rubuta tana kai ƙafa 685 a daƙiƙa da bugu takwas, wajen mita 209 kenan, ni kuma ɓeraye da gafiya nake kora a sito sai ɗan harbin gwangwani ranar hutu, bugu huɗu zuwa biyar ma ya ishe ni. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Gyaran da ya ƙara mata na gaske a wajen saiti ne da kunama. Ya hana ni ɗora madubin hange, dalilinsa maƙalan da ake ɗaura shi da su bututun suke matsewa, mutum kuma in zai buga famfo madubin yake kamawa ya danna, a hankali likin dalmar nan da ke tsakanin bututu biyun ya saki, in ya saki kuwa gyaransa babban aiki ne. Sai muka sa saitin Williams mai ɗan rami da ake leƙawa, dama tawa akwai ramukan kusoshinsa a gefe tun daga kamfani. Kai bambancin ba kaɗan bane, ido na leƙawa ta ramin tsinken gaba ke zuwa tsakiya da kansa. Kunamar kuma bai rage mata komai ba, goge wajen da ƙarfe ke gugar ƙarfe kawai ya yi ta daina ƙartar nan, da ya gama ya ɗana ta babu iska ya buga gindin ƙotar a kan benci da ƙarfi don ya tabbatar ba za ta tashi da kanta ba. Ya kuma goge wani fenti da ya shiga cikin bakin bututun tun asali. Yanzu da ƙwayar Crosman Premier daga taku ashirin murfin kwalba ba ya tsira in hannuna bai yi rawa ba.

To ga abin da bai min daɗi ba. Baba ba ya cika alkawarin rana, in yace Laraba ka ƙara masa wata Larabar, waya kuma sai ka yi ta kira tana can cikin aljihun rigar da ya rataye. Lokacin feshi in manoma suka taso da famfunansu kai mai bindiga ka koma layin baya. Wajen fitar da fil ɗin gaba tsinkensa ya goce ya ƙarce baƙin fentin, tabon na nan ina ganinsa kullum, kuma bai faɗa min ba sai da na gani da kaina. Ƙotar ma nace ya shafa mata mai kawai, sai ya bar wa yaronsa ya zuba mata banish mai ƙyalli har tana santsi a hannu in gumi ya zo, dole zan kankare in sake. Ba shi da na'urar auna gudun ƙwaya, da katako yake gwaji ya ga zurfin da ta shiga, wanda ke son lamba a rubuce ba zai samu a nan ba.

Riƙon iska kam babu magana, ya bar mata bugu biyu ta kwana a shagonsa da safe ta amsa da ƙarfinta, a gida ma haka take har yau, hunturu ya zo ya wuce ban ji ssss ɗin nan ba. In za ka je ka tafi da takardarka da robobinka a hannu, ka faɗa masa ƙarara kar a taɓa ƙota. Masu Sheridan kuma ku fara tabbatar da inda za ku riƙa samun ƙwaya kafin ku kashe kuɗin gyara, ita 5 daidai take ci, ba 4.5 ba kuma ba 5.5 ba, kuma waɗannan biyun ne kawai nake gani a shaguna a wajenmu.